Ranar da Na-Sani Ya Hana Gwaggo Kaiwa Sifili

Mijin yayata bai taɓa jin wata magana a duniya ya ce yau ya fara jin ta ba. Ka ce masa an yi ruwa a unguwarku, ya ce ya sani. Ka ce masa a'a, ashe ba a yi ba, ya ce ai ya sani. Shi ya sa duk masana'antarmu ba wanda ya riƙe sunansa na yanka, Na-Sani kawai ake ce masa. Ranar da aka je aka tsegunta masa cewa ga sunan da ake kiransa a bayan ido, cewa ya yi ya sani.

Baho da bokiti na roba muke yi. Ni da shi muna ɓangaren lodi, mu ɗaure kaya mu jefa a mota. Yadda aikin yake, ana narka roba a tura ta cikin mazubin ƙarfe, ruwan sanyi ya zagaye mazubin, robar ta sandare ta faɗo baho. In ba ruwan sanyi, abin da zai faɗo sai dai ka tambaye shi sunansa. Ruwan nan kuwa daga inji guda yake zuwa, wani ƙaton akwatin ƙarfe mai fankoki a ka, a can ƙuryar ɗakin aiki. Gwaggo muke ce mata, don ba ta tashi sai ta ga dama, in kuma ranta ya ɓaci har maƙwabta sai sun ji.

Baba Mai Sanyi ne ke kula da ita. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, Baba zai taso da ɗingishinsa, ya cire hula ya rataya a wani ƙusa da ke goshin Gwaggo, ya danna koren maɓalli, ya koma kujerarsa ya haɗa shayi. Kafin ya ga gindin kofi, Gwaggo ta yi tari ta kama aiki. Haka muka tarar, haka muka saba, ba wanda ya taɓa tambaya.

Sai Na-Sani. Shi kujerar nan ta tsone masa ido tun ranar da ya fara ɗaukar bokiti a ka.

"Wannan shi ne aiki?" in ji shi. "Danna, zauna, kurɓa? Ni da na gyara irin wannan injin a cikin jirgin ruwa, ruwa na dukana ta nan, iska ta nan?"

Na ce, "Mijin Yaya, yaushe ka shiga jirgin ruwa?"

"Ba a haife ka ba."

"Ai ni na riƙe maka takalmi ranar da kwata ta cika ka ƙi tsallakawa."

"Kwata daban, teku daban. Kwata ba ta da tsari."

To, rannan gwiwar Baba ta ƙi, 'ya'yansa suka kwantar da shi a gida suka ce ba inda za shi, wataƙila ma ya bar aikin ke nan. Ranar kuma aka ɗauke wuta da safe aka dawo da ita. Ranar kuma Uwar Robobi za ta zo bayan azahar ta ga sabon bahon da muka fara bugawa. Uwar Robobi ita ce babbar mai sarin kayanmu. Mace ce da in ta ce baho ya yi, ya yi, in ta yatsina fuska Maigida, mai masana'antar, ba ya iya cin abinci.

Maigida ya tara mu gaban Gwaggo yana share zufa. "Wa ya iya tayar da ita?"

Kafin ya rufe baki Na-Sani ya matso. Ashe ya zo da shiri: jakar kayan aiki, tabarau na masu ninkaya, da wani matashi mai fure da ya ɗauko daga kujerar yayata.

"Matashin na mene ne?" in ji Maigida.

"Na kujera, ranka ya daɗe. Kujerar Baba ta lotsa."

Maigida ya dube shi, ya dubi agogo. "Ka tayar min da ita kafin matar nan ta iso, kujera taka ce. Ka kasa, ka koma kan bokitinka, kuma kada in sake jin kalmar jirgin ruwa a gidan nan."

"Ranka ya daɗe, a tawa tayarwar ba shayi. Shayi lalaci ne. Dannawa ɗaya."

Ya ajiye matashi a kujera, ya daddaɓe shi, ya gyara tabarau, ya danna koren maɓalli.

Gwaggo ba ta ce uffan ba. Sai dai a goshinta, daidai inda hular Baba ke rufewa kullum, muka ga wani ɗan gilashi ya kawo haske. Ashe akwai gilashi a wurin. A cikinsa wata lamba ce, kuma tana sauka. Ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai ƙirga kwanakin biya.

Dogo, mai kula da injin buga baho, ya leƙo ta saman kanmu. "Wannan kuma fa?"

Na-Sani ya yi shiru. Wannan ne karo na farko da na ga ya yi shiru ba abinci a bakinsa. Can ya gyaɗa kai.

"Na sani. Ƙarfinta ne yake tsiyayewa."

"In ya ƙare fa?"

"In ya kai sifili?" Ya sauke murya. "A jirgin ruwa mun ga wanda ya kai sifili. Har yau ba a ga mai dafa mana abinci ba."

Dogo ya ja da baya. Maigida ya ja da baya fiye da Dogo. Lamba na ta sauka, muna ta kallo, har ta zo ƙasa-ƙasa. Tara. Takwas. Bakwai. Sai Na-Sani ya yi wani tsalle ya kama babban makunni ya ja shi ƙasa. Gilashi ya mutu.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, yana haki. "Da ba na nan, da yanzu ana tsintar bahonku a bayan gari."

Ya mayar da makunni, ya sake dannawa. Lamba ta dawo can sama inda ta fara, ta kama sauka.

"Kun gani? Na cika mata ƙarfi. Saura in gano inda yake yoyo."

Ni dai ban san komai a kan inji ba, amma na san abin kallo in na gan shi. Na jawo bokiti na kifa na zauna.

Ya zagaya Gwaggo yana ƙwanƙwasa ta da sifana, yana kara kunne kamar mai sayen kankana. Duk sanda lamba ta kusa ƙarewa, ya sheƙo da gudu ya kashe, ya kunna, ya danna, ya koma bincike. A bayanta ya tarar da wani jan hannun famfo a jikin bututu.

"Ga ɓarauniyar hanya! Ta nan ƙarfin yake bi ya gudu."

Ya murɗe shi tam.

Gwaggo ta saki jiniya. Ban taɓa jin irinta ba. Wani ihu ne mai shiga ta kunne ya fita ta haƙori. Jar fitila ta kama walƙiya. Mai walda na maƙwabta ya faɗo ɗakin da garkuwar fuskarsa a ka, bayansa masu shaguna da masu wucewa da duk wanda bai da abin yi a layin, wato duk layin.

"Gobara ce?" in ji mai walda.

"Gyara ne!" in ji Na-Sani da ƙarfi.

"To ita ta san gyara ne?"

Na-Sani ya cire takalmi, ya zare safa, ya cusa a bakin jiniyar. Ihun ya koma kamar na akuyar da aka rufe a buhu. Ana cikin haka tiyon da ke bayan famfon da ya rufe ya fara kumbura. Ya kumbura, ya kumbura, mai walda ya ce, "Malam, macijinka ya ƙoshi," sai fau! Tiyo ya fice, ya shiga rawa a ɗaki, ya wanke Maigida tun daga hula har takalmi, ya bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Na-Sani kaɗai ne ruwa bai shiga idonsa ba. Ya nuna tabarau.

"Da kuna dariya."

Ya kama tiyo da ƙyar, ya mayar, ya ɗaure da robar taya, ya buɗe jan famfon kamar yadda ya same shi. Jiniya ta yi shiru. Jar fitila ta mutu.

"Matsala ta farko ta kau," in ji shi.

Dogo ya ce, "Ai da ba ta nan."

"Tana nan. Ɓuya ta yi. Sai gwani ke fito da cuta fili."

Ya ruga ya kashe makunni, don lamba ta kusa, ya kunna, ya sake dannawa. Mai walda ya matsa ya ga yadda take sauka, ya ce shi kam a fim ya taɓa ganin irin wannan, kuma a fim ɗin waya ake tsinkewa, ja ko shuɗiya. Na-Sani ya ce ya sani, dama can yanzu zai zo kan waya.

Ya kashe wuta, ya buɗe cikin Gwaggo. Manyan wayoyi uku ne a jere. Ya ce tun farko wanda ya haɗa su bai iya ba, ta tsakiya ta fi kama da ta gefe. Ya kwance biyu ya musanya. Ya kunna. Wata sabuwar fitila da ba mu taɓa sanin da ita ba ta kama, jiniya ta tofar da safa har kan kafaɗar Maigida, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Maigida ya ɗauke safar da yatsa biyu. "Na-Sani."

"Ranka ya daɗe."

"Wannan ita ce dannawa ɗayan?"

"Ɗaya ce, ranka ya daɗe. Maimaita ta nake yi."

Ya kashe, ya sake kwance wayoyin, ya juya su ya juya, ya rufe ido ya yi wani lissafi da yatsu, ya mayar da kowacce inda take tun asali. Ya kunna. Shiru.

"Matsala ta biyu."

'Yan kallo suka tafa. Ni na fara tafin, gaskiya, amma sun bi da zuciya ɗaya.

Lamba dai tana nan tana sauka. Maigida ya ce in kira Baba a waya. Na-Sani ya ce kiran Baba cin fuska ne ga ilimi, amma na kira, na sa kowa ya ji. Na ce, "Baba, Gwaggo ta ƙi tashi."

Muryar Baba ta fito a hankali. "Kun danna?"

"Mun danna, Baba. Mun danna har maɓallin ya yi zafi."

"To kun sha shayi?"

Aka dubi juna. Maigida na ɗigar ruwa, ƙasa ta zama tafki, mutum yana tambayar shayi.

"Allah sarki," in ji Na-Sani. "Ciwon ya hau sama. Kashe wayar, ƙanina, kada mu wahalar da dattijo."

Rana ta take. Maigida ya fara zagaye ɗaki yana magana shi kaɗai. Na-Sani ya ce kada ya damu, ruwan sanyi ai ba wahayi ba ne, a aika a sayo ƙanƙara a ɗora wa mazubi a ka, Dogo ya fara bugawa kafin Gwaggo ta shiryu. Dogo ya ce shi ba ruwansa. Maigida ya ce a buga.

Aka buga. Na farko ya faɗo da baki a karkace kamar mai jin gulma. Na biyu gindinsa ya zazzago, ya zama hula. Na uku ya fito da kyau, muka yi kabbara, sai ya zauna a hankali a gaban idonmu ya naɗe kamar wanda aka yi wa rasuwa. Mai walda ya ɗauki na biyun ya kifa a ka, ya ce in ba a so shi yana so.

Daidai nan aka yi sallama.

Uwar Robobi ta shigo tana tattare zane saboda ruwa. Ta dubi ƙasa. Ta dubi Maigida. Ta dubi mai walda da baho a ka, ta dubi Na-Sani da tabarau da ƙafa ɗaya ba safa. Ta nufi kujerar Baba ta zauna a kan matashi mai fure, ta ce, "Wannan matashin dai ya yi."

Maigida ya ce in kawo wa baƙuwa wani abu. Abin da ke kusa kayan shayin Baba ne, na haɗa mata.

Ta ɗaga baho na farko da ɗan yatsa. "Wannan ne sabon samfurin?"

"Gwaji ne, Hajiya."

"Wa za a yi wa wanka a ciki? Maciji?"

Na-Sani ya matso ya rusuna. "Hajiya, ni ne injiniyan. Ki gode Allah da kika same mu da rai. Tun safe nake riƙe da injin nan kada ya tashi da unguwa."

"Ikon Allah. To me ya same shi?"

"Bari ki gani da idonki."

Ya danna koren maɓalli, lamba ta hau sauka. Ya juya wa Gwaggo baya ya fuskanci jama'a, don bai taɓa samun taro irin wannan ba. Ya yi bayanin ƙarfi da yadda yake tsiyaya. Ya yi bayanin sifili. Ya kawo jirgin ruwa, Maigida ya rufe ido. Ya kawo mai dafa abincin da ba a gani ba, wannan karon har da matarsa da 'ya'yansa. Yana magana yana ja da baya yana faɗi da hannu, har ya yi nisa da makunni bai lura ba.

Dogo ne ya ce, "Na-Sani, ta kusa fa."

"Na sani."

Ya juya zai yi tsallen nan nasa. Ƙafarsa marar safa ta faɗa cikin wani baho da bai gama hucewa ba, robar ta kama ta kamar ta ga ɗan'uwa. Ɗaya ƙafar ta taka ƙanƙara. Ya tafi sama, ya dawo ƙasa, ya zauna daram cikin wani bahon, wanda shi ma ya rungume shi. Ya yi yunƙuri, baho ya bi shi. Ya sake, ya zame ya ƙara nisa.

"Tara!" in ji mai walda.

Ba wanda ya tsaya jin takwas. Ƙofar da mutum biyu ba sa wucewa tare, rannan ta ɗauki layi guda. Dogo ya bi ta taga, rabinsa ya fita rabi ya tsaya. Mai walda ya shige ƙarƙashin tebur da baho a ka da garkuwa a fuska. Maigida, mai masana'anta, mai cewa mu 'ya'yansa ne, shi ya fara kaiwa bayan motar lodi. Makunnin yana nan kusa da ƙofa, kowa ya wuce ta gabansa, ba wanda ya taɓa, don an ce aikin gwani ne. Ni na laɓe a bayan tulin bokiti inda zan iya gani.

"Hajiya, ki gudu!" in ji Maigida daga waje.

"Da wace gwiwar?" in ji ta. "Kuma ban gama shayina ba."

Na-Sani ya daina yunƙuri. Ya ɗaga hannu sama. "Ƙanina! Ka gaya wa yayarka ta yafe min! Matashin ni na ɗauka, ba maƙwabciya ba ce!"

Uku. Biyu. Ya toshe kunne. Ɗaya.

Sifili.

Gwaggo ta yi ɗan tari. Fankokin kanta suka juya. Ta kama wannan gurnanin nata na kullum, mai daɗi, kamar kyanwa ta ƙoshi. Bututu ya fara raɓa. Uwar Robobi ta kurɓe sauran shayinta ta ajiye kofi.

Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa yana yi kamar dama fitsari ya fita yi. Aka zaro Dogo daga taga. Ya taɓa bututu ya ce sanyi ƙalau. Ya buga baho, ya faɗo sumul, ya buga wani, ya faɗo kamar ɗan'uwansa. Uwar Robobi ta ƙwanƙwasa shi, ta juya shi, ta ce ya yi.

Sannan ta dubi Na-Sani, wanda har yanzu yake zaune cikin nasa.

"Injiniya, tun safe kake hana ta kaiwa nan?"

"Hajiya, ai..."

"Baiwar Allah tana shirin tashi, kai kana mayar da ita barci. Ni ma in aka tashe ni, sai na ɗan zauna a bakin gado. Da kai ne mijina da tuni an raba mu."

Mai walda ya ce daga ƙarƙashin tebur, "Matsala ta uku ta kau."

Na-Sani ya cire tabarau, ya share su, ya ce, "Na sani. Dama so nake in ga ko za ta iya ita kaɗai."

Sai da muka sa sabulu kafin bahon ya sake shi. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauki matashi mai fure ya miƙa wa Uwar Robobi, ya ce tukwici ne. Ya ɗauki safa ya miƙa wa Na-Sani, ya nuna masa tulin bokiti.

Da gwiwar Baba ta yi sauƙi ya dawo, muka kewaye shi muna ba shi labari. Dogo ya ce, "Baba, ashe lambar nan jira take nufi, ka sani ka ƙi gaya mana."

Baba ya ce, "Wace lamba?"

Muka nuna masa gilashin. Ya matsa ya ƙura ido.

"Ikon Allah. Yaushe aka sa wannan?"

Ya rataya hularsa a ƙusar, ta rufe gilashin, ya danna, ya koma kujera.

Na-Sani dai bai fita hannu wofi ba. Maigida ya ƙara masa aiki na musamman. Duk sanda aka dawo da wuta, kafin Baba ya taso, sai a ba shi saƙo ya je can ƙarshen layi ya sayo sukari, ko da akwai sukari. Kafin ya dawo, Gwaggo ta tashi.

Jiya na ji shi a shagon mai sukarin yana ba da labari. Ya ce yanzu ba ya ma buƙatar taɓa ta. Da ta ji ya fita, sai ta kama aiki.